Mahaɗin Batir Da Motar Tseren Yara: Wani Darasi Daga Kankiya

A hutun ƙaramar sallar da ta wuce, lokacin da zafin bazara ya kai intaha, na je Kankiya gaida dangi kamar yadda na saba kowace shekara. Ban gama shan ruwan da aka kawo mini ba sai ga ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara goma sha biyar, ya shigo zaure fuska a murtuke, yana rungume da wata 'yar mota wadda tsawonta bai wuce kamu guda ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya ajiye ta a gabana ya ce, "Kawu, tun da an ce kai Dakta ne na kimiyya, don Allah duba mini wannan. Tana cikin gudu ta tsaya cak, ta kama hayaƙi."

Na yi dariya na ce masa ni fannina nazarin halittu ne, kwaɗi da ɓeraye da ganyen itatuwa na sani, aikin mota kuwa sai makanikai. Amma da na ɗauke murfin na shaƙi ƙaurin ƙonanniyar roba, na kuma ga inda bakin batirin ya narke ya yi baƙi, sai dariyar ta koma ciki. Yaron nan bai san cewa saura ƙiris abin da ya rungumo ya kama da wuta a ƙirjinsa ba.

Ga yadda abin ya faru. Motar irin wadda ake sarrafawa daga nesa da rimot ce, ta hannu, yayansa ya sayo masa ita a Kano wajen 'yan gwanjo. Da batirinta na asali ya mutu sai aka aiko masa da sabo. Wayoyin motar suna ƙarewa da wasu 'yan sandunan ƙarfe guda biyu masu kaurin milimita 4, waɗanda ake cusawa cikin ramuka biyu da ke jikin batir. To, ramukan sabon batirin masu faɗin milimita 5 ne. Sandunan suna shiga amma suna lilo. Ga shi kuma ya riga ya yi alkawarin tsere da wasu abokansa da za su zo daga Kusada da tasu motar. Sai ya nemi takardar nan mai ƙyalli da ake naɗe alewa da ita, ya nannaɗa wa sandunan har suka cika ramukan, ya bi da salatif ya ɗaure. Motar ta tashi lafiya lau. Zagaye na uku ta yi abin da ta yi.

Bambancin milimita ɗaya tak ke nan. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana wa mai karatu dalilin da ya sa ɗan wannan bambanci ya kusa jawo gobara, da kuma hanyar da ta dace a bi idan larura ta kama a sauya girman mahaɗin batir, domin matsalar ba ta tsaya ga motar wasa kaɗai ba.

Daga motar kara zuwa motar rimot

Duk wanda ya tashi a ƙasar Katsina a zamaninmu ya san motar kara. Bayan an yi girbi mukan tara karan dawa, mu feƙe ɓawonsa, mu yi amfani da totuwar wajen haɗa gangar jiki, mu yanko tayoyi daga tsohon silifas ko sakaina. Waɗanda suka fi mu basira sukan yi ta langa-langa ko ta waya mai dogon sitiyari. Daga baya, da rediyo mai kaset ya yawaita, sai yara suka gano cewa a cikin kowane mataccen rediyo akwai ɗan injin da ke juya kaset. A ciro shi, a ɗaura masa kyauro zuwa taya, a haɗa shi da batirin tocila biyu ko uku, sai ga mota tana tafiya da kanta. Yadda muke haɗa wayoyin kuwa shi ne mu fere su da haƙori, mu murɗa su tare, mu danne a gindin batir da ɗan kyauro. Ba mu taɓa ganin hayaƙi ba.

Saboda haka ban ga laifin ɗan ƙanwata sosai ba. Dabarar da ya gada ce, kuma ta yi wa iyayensa aiki. Abin da ya sauya shi ne yawan wutar da ke bi ta wayar.

Motocin tsere na rimot sana'a ce babba a wasu ƙasashe, har manya masu furfura suna yin ta. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan ya fitar da motarsa ta rimot ta farko a 1976, kuma yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan wasa a duniya. A 1979 aka kafa ƙungiyar IFMAR wadda ke shirya gasar duniya. Mafi yawan motocin lantarki da ake tsere da su girmansu kashi ɗaya ne cikin goma na motar gaske, kuma zagayen gasa yakan ɗauki kamar minti biyar. A da batirinsu mai ɗaki shida ne, kowane ɗaki bolt 1.2, jimla 7.2. Amma tun bayan da kamfanin Sony ya fara sayar da batirin lithiyam a 1991, wanda binciken da ya haifar da shi ya jawo wa John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino lambar Nobel a 2019, sai al'amura suka ɗauki sabon salo. Batirin da ake sa wa motocin nan yanzu, wanda ake kira LiPo, ɗaki biyu gare shi, kowanne bolt 3.7, wato 7.4, kuma idan ya cika taf yakan kai 8.4. A wajen bolt bambancin kaɗan ne. Inda gizo ke saƙa shi ne, wannan batir yana iya amayar da wuta mai ɗimbin yawa a cikin ƙiftawar ido, injinan zamani kuma a shirye suke su shanye ta.

Lissafin da ya ƙona batir

Abubuwa uku ya kamata mai karatu ya riƙe. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura wuta. Amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke kwarara. Om kuwa shi ne ma'aunin turjiya, wato irin cikas ɗin da hanya ke yi wa wutar. Bajamushe Georg Ohm ne ya bayyana dangantakar da ke tsakaninsu a 1827. Bayansa, a wajen 1840, wani Bature ɗan Ingila mai suna James Joule ya gano ƙa'idar da ta shafe mu kai tsaye: zafin da ke fita a kowane wuri daidai yake da turjiyar wurin idan aka ninka ta da yawan wutar, aka sake ninkawa da yawan wutar. A lura, sau biyu ake ninkawa. Idan wuta ta ninka sau biyu zafi zai ninka sau huɗu. Idan ta ninka sau goma zai ninka sau ɗari.

Bari mu ƙaddara cewa mahaɗin da bai kama da kyau ba yana da turjiyar om 0.01. Wannan adadi ƙanƙane ne ƙwarai, har na'urar awo ta masu gyaran rediyo ba za ta nuna shi ba. Ɗan injin kaset na zamaninmu, a ce yana jan rabin amfiya, zafin da zai haifar a wurin shi ne 0.5 sau 0.5 sau 0.01, wato wat 0.0025. Ko tururuwa ba za ta ji shi ba. Motar ɗan ƙanwata kuwa tana iya jan amfiya 40 ko fiye a lokacin da take figa ko take hawa tudu. Lissafi ya koma 40 sau 40 sau 0.01, wato wat 16. Ƙaramin ƙarfen liƙi da ake narka dalma da shi wat 25 zuwa 30 ne. Ke nan yaron ya dasa abin da ya haura rabin ƙarfen liƙi a kowane baki na batirinsa, a wurin da bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba, ya kuma lulluɓe shi da salatif don kada iska ta taɓa shi.

Asarar ba ta tsaya ga zafi ba. Amfiya 40 idan ta ratsa om 0.01 tana zubar da bolt 0.4. Baki biyu ne, saboda haka bolt 0.8 ya salwanta daga cikin 7.4, fiye da kashi goma cikin ɗari, tun wutar ba ta isa inji ba. Da na tambaye shi ko ya lura motar ta rage kuzari kafin ta tsaya, sai ya ce, "Ƙwarai kuwa Kawu, 'yan Kusada har ihu suke yi mini." Mahaɗi mai kyau wanda ya kama gam turjiyarsa ba ta kai om 0.001 ba, kuma a wannan hali zafin bai kai wat biyu ba, yatsa ma da ƙyar zai ji ɗuminsa.

To me ya sa takardar alewa ta kasa, alhali ƙarfe ce? A nan ne na fi jin daɗin bayanin, domin ya yi kama da abin da muke nuna wa ɗalibai a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ƙarfen da ido ke gani sumul, idan aka ƙara girmansa sai a ga tuddai da kwaruruka kamar gonar da aka yi wa huɗa. Idan aka haɗa ƙarfe biyu, kawunan tuddan ne kaɗai ke taɓa juna, wutar duka kuma dole ta matsu ta bi ta waɗannan 'yan wurare, kamar garken shanu a bakin ƙofa guda. Masanin ƙasar Suwidin Ragnar Holm, wanda ya daɗe yana aiki da kamfanin Siemens a Jamus, shi ne ya yi fice wajen nazarin wannan al'amari, ya kuma nuna cewa ƙarfin matsi ne ke ƙayyade faɗin wurin da ke taɓa juna da gaske. Shi ya sa ake tsattsaga bakin sandar mahaɗi ko a yi mata 'yan fikafikai masu tauri, domin ta riƙa tokare bangon ramin. Sandar milimita 4 a ramin milimita 5 ba ta da abin tokarewa.

Bugu da ƙari, takardar mai ƙyalli alminiyam ce, shi kuwa alminiyam da zarar ya sha iska sai ya yi wa kansa wata siririyar fata ta tsatsa wadda ido ba ya gani, kuma ba ta barin wuta ta wuce. Galibi ma akan manna wa irin wannan takarda leda ko takarda ta gaske a bayanta. Kowane naɗi da yaron ya ƙara, shinge ya ƙara. Da wurin ya fara zafi sai tsatsar ta ƙaru, robar da ke riƙe da ramin ta yi laushi, matsi ya ragu, turjiya ta hau, zafi ya sake ƙaruwa. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake shafa wa mahaɗai masu inganci ruwan zinari, don zinari ba ya tsatsa. Ba ado ba ne.

Haɗarin gaske yana cikin batirin. A kowane ɗaki akwai wani siririn labule na roba da ke raba ɓangarori biyu, wanda kan fara narkewa a wajen digiri 130, ga kuma ruwan sinadari mai kama wuta. Idan labulen ya huje, ɓangarorin suka haɗu, batirin zai riƙa dafa kansa da kansa har ya fashe da harshen wuta da hayaƙi mai guba, kuma kashe irin wannan wuta yana da wuya. A tuna cewa a watan Afrilu zafin inuwa a yankinmu yakan haura digiri 40, yashin fili kuwa ya fi haka nesa.

Abin da ya kawo masanin halittu cikin zancen

Wataƙila wani abokin aiki daga sashen fiziya zai ce na shiga gonar da ba tawa ba. Amsata ita ce batir ɗin kansa a ɗakin nazarin halittu aka yi cikinsa. Luigi Galvani, likita a Bolonya ta ƙasar Italiya, shi ya wallafa a 1791 cewa ƙafar mataccen kwaɗo tana motsi idan aka taɓa jijiyarta da ƙarfe. Gardamar da ta biyo baya ce ta kai Alessandro Volta ga ƙirƙiro batir na farko a 1800, kuma shi da kansa ya kwatanta abin da ya ƙera da gaɓar da wasu kifaye ke jan mutum da ita. Masuntanmu ba baƙin wannan ba ne. Minjirya, wadda ake kamawa a kogunan ƙasar nan da Tafkin Chadi, tana iya sakin abin da ya kai bolt 350.

Matsalar kaurin waya kuwa halittu sun riga mu cin karo da ita. Zaren jijiyar da ke ɗaukar saƙo a jiki shi ma yana da turjiya, kuma gwargwadon kaurinsa gwargwadon saurin saƙon. Akwai wata dabbar teku mai laushin jiki, dangin dodon-koɗi, wadda Turawa ke kira sikwid. Tana da zaren jijiya da kaurinsa kan kusanci milimita ɗaya, ninkin-ba-ninkin na ɗan Adam, kuma da shi take zabura idan ta hangi maƙiyi. A kan wannan zare ne Alan Hodgkin da Andrew Huxley suka yi binciken da suka wallafa a 1952, wanda ya ba su lambar Nobel a 1963. Ba sai mun je teku ba ma. Tanar da ke janye jiki cikin rami da zarar an taɓa ta, da kyankyason da ke tserewa tun takalmi bai sauka ba, duk suna da irin waɗannan manyan zaruruwa, kuma abin sha'awa shi ne a hanyar gudun ceton rai kaɗai aka ajiye su. Sauran jijiyoyinsu sirara ne, domin kauri yana cin wuri yana cin abinci. Mu masu ƙashin baya an ba mu wata mafita ta daban, wato rigar kitse da ke naɗe zaren, wadda ke sa saƙo ya yi gudun da ya kai mita 120 a daƙiƙa cikin zare siriri.

Har wa yau, a jiki ma mahaɗa ce wurin jinkiri. Inda jijiya ta haɗu da 'yar'uwarta akwai ɗan gibi, saƙo kuma yakan ɓata kamar rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa kafin ya tsallake.

Sai dai ina jan kunnen ɗalibai game da kwatanta waya da bututun ruwa ko jijiyar jini, kwatancin da malamai ke yawan yi. Yana da amfani amma yana da iyaka. Likitan Faransa Jean Poiseuille ya nuna a shekarun 1840 cewa a siririn bututu, idan faɗi ya ninka sau biyu, ruwan da ke wucewa zai ninka sau 16. A waya kuwa sau 4 ne kacal. Shi ya sa ɗan ƙuncin jijiyar jini ke da mummunan tasiri ga zuciya fiye da yadda mutum zai zata. Inda kwatancin ya yi daidai shi ne abin da kowane mai noman rani a bakin madatsar ruwa ta Kusada ya sani, wato tiyo ba ya yoyo a tsakiya kamar yadda yake yi a inda aka haɗa babba da ƙarami aka ɗaure da roba.

Huɗu ko biyar?

A wajen masu tseren gaske, ƙaura daga milimita 4 zuwa 5 ta zo ne sannu a hankali, yayin da masu ƙera batir suka riƙa fitar da masu manyan ramuka. Hujjar a bayyane take. Kewayen sandar milimita 4 kusan milimita 12.6 ne, na mai 5 kuwa 15.7, ƙarin kashi 25 cikin ɗari na bangon da za a tokara. Kaurin ƙarfen kansa, idan aka yanka aka auna fuskarsa, ya ƙaru da kashi 56 cikin ɗari. Babbar sanda tana ɗaukar waya mai kauri, tana kuma jure yawan cirewa da mayarwa.

Amma a ganina ribar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Idan duka biyun sababbi ne kuma sun kama da kyau, bambancin turjiyarsu ɗan ɓurɓushi ne na kashi ɗaya cikin dubu na om. Mu ƙaddara om 0.0003 ne. A amfiya 40 wannan bolt 0.012 ne kawai. Wanda ke neman kambin duniya, inda ake raba na ɗaya da na biyu da abin da bai kai daƙiƙa ba, yana da dalilin damuwa da wannan. Yaron da ke tsere a yashin bayan makarantar firamare ba zai taɓa ganin bambancin ba. Sandar milimita 4 mai tsafta a raminta ta fi ta milimita 5 da ta saki ko ta cika da ƙurar hunturu. Dalili na gaskiya da zai sa mutum ya sauya shi ne wanda ya sami ɗan ƙanwata, wato batirin da ake samu a kasuwa ya sauya baki.

Ban da waɗannan tsirarun sanduna, akwai mahaɗai masu gidan roba. Na Tamiya, fari mai ɗan maƙalli, shi ne ya mamaye zamanin tsofaffin batura, kuma don wutar wancan zamani aka tsara shi. Akwai na Deans ja mai siffar harafin T. Akwai dangin XT masu launin rawaya na kamfanin Amass da ke ƙasar Sin: XT30 mai sandar milimita 2, XT60 mai 3.5, da XT90 mai 4.5. Akwai kuma EC3 da EC5 shuɗɗa. Babbar fa'idarsu ita ce an yi wa gidan siffar da ba zai shiga a juye ba. Wannan ya tuna mini da misalin kwaɗo da mabuɗi da Emil Fischer ya kawo a 1894 don bayyana yadda kowane sinadarin narka abinci ke kama abin da ya dace da shi kaɗai. Tsirarun sanduna ba su da wannan kariya. Ja yana shiga ramin baƙi ba tare da gardama ba, kuma daƙiƙa guda ta isa ta ƙona na'urar daidaita gudu, wadda sau da yawa ta fi batirin tsada.

A rumfar mai gyara

Kashegari muka ɗauki motar zuwa wajen wani dattijo mai gyaran rediyo da wayar hannu a bakin titin da ya taso daga Kano ya nufi Katsina. Ya jujjuya batirin, ya danna cikinsa da babban yatsa, ya ga ya ɗan kumbura, sai ya ce, "Dakta, wannan kam ya gama aiki. Ko kyauta aka ba ni ba zai kwana a rumfata ba." Na yarda da shi. Batirin LiPo da ya kumbura iskar gas ce ta taru a cikinsa, alamar ruwan sinadarin ya fara ruɓewa, kuma ba a huda shi, ba a matse shi, ba a sake yi masa caji.

Hanyoyi uku ne a gabanmu game da sabon batirin da za a sayo. Ana sayar da wasu 'yan hannayen riga na ƙarfe da ake cusawa cikin ramin milimita 5 su mayar da shi na 4. Ana kuma iya haɗa 'yar gajeriyar waya mai baki biyu, kowanne da girmansa. Dukansu suna aiki, amma kowannensu ya ƙara wurin haɗuwa, wato ya ƙara wurin turjiya da wurin da zai iya saki idan mota ta yi tsalle. Sun dace da wanda ya ari batirin aboki na yini guda. Hanya ta uku, wadda muka zaɓa, ita ce a cire tsofaffin sandunan daga wayoyin motar ɗungurungum a liƙa masu milimita 5. Sai da muka jira kwana huɗu kafin wani direba ya kawo su daga Kano tare da batirin.

Na zauna na kalli aikin, na kuma ƙaru. Ya huda wani guntun katako ya dasa sandar a ciki don kada ta ƙona masa yatsa. Ya ajiye ƙaramin ƙarfen liƙinsa ya ɗauko babba, domin waya mai kauri tana shanye zafi, ƙaramin ƙarfe kuma sai dai ya dunƙula dalma a sama ba tare da ta ratsa silin jan ƙarfen ba. Irin wannan liƙi yakan fito da duhu da gurzaɓi, yana riƙewa a ido amma cikinsa turjiya ce. Ya fara shafa wa bakin wayar dalma, ya cika ƙoƙon sandar, sa'an nan ya haɗa su ya riƙe ba motsi har suka huce. Liƙin ya fito sumul yana ƙyalli. Ya kula ƙwarai kada dalma ta gangara kan fikafikan sandar, don idan ta cike tsagar sun daina tokarewa ke nan. A nan ne na tuna cewa kalmar nan sinadari da muke ta amfani da ita a darussan kimiyya, asalinta sunan abin da maƙeran farfaru ke liƙe ƙarfe da shi ne.

Dabara guda ni na kawo, daga abin da na karanta game da masu tsere. Muka yanke wayoyin biyu da tsawo daban-daban, ta yadda gajeriyar ba za ta iya kaiwa ramin da ba nata ba ko da an ja ta. Muka kuma shafa jan fenti a gefen ramin da ja ke shiga. Shi kuma dattijon ya ƙara wa yaron gargaɗin da ya fi kowanne muhimmanci ga mai sauya mahaɗi a kan batir mai wayoyi a jikinsa: kada a kuskura a datse wayoyin biyu tare, domin bakin almakashin zai haɗa su. A yanke ɗaya, a liƙa, a rufe ta ruf, kafin a taɓa ta biyu. Kuma macen mahaɗi, mai ramuka, ita ake sa wa a ɓangaren batir, don kada tsiraran sanduna masu wuta su haɗu da mabuɗi ko tsabar kuɗi a aljihu.

Abu ɗaya ne ban ji daɗinsa ba, na kuma faɗa masa cikin ladabi. Na ga yana riƙe zaren dalmar da leɓɓansa idan hannuwansa biyu suna aiki, ga goro a gefe. Zaren liƙi na gargajiya kashi 60 kuza ne, kashi 40 dalma, ita kuwa dalma tana taruwa a jini da ƙashi, tana lalata ƙwaƙwalwa, musamman ta yara. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga duwatsun zinari ta kashe yara kimanin 400. Na ce, "Baba, a riƙa wanke hannu kafin a ci goron nan, a kuma raba zaren da baki." Ya yi murmushi ya ce shekara talatin yana haka. Ban ja da shi ba, amma na ga yaran da ke koyon aiki a wurinsa sun kasa kunne.

Da muka fito na fara ganin matsalar ko'ina. A rumfar cajin waya an murɗa wayoyin faifan sola da hannu an naɗe da leda, alhali akwai mahaɗin MC4 da aka yi musamman don ya jure rana da ruwa. Wani ɗan acaɓa ya cusa ƙusa a kan batirin babur don ya matse abin da ya saki. A gidaje da dama da ke da batirin sola, idan ka taɓa kan batirin da dare za ka ji shi da ɗumi, wutar da aka wuni ana tarawa ce ke tafiya a banza, wani lokaci kuma a ɗakin da yara ke barci. Ko manyan ƙasashe sun sha fama da rikicin baki daban-daban, har Tarayyar Turai ta wajabta bakin caji iri ɗaya, wato USB-C, ga sababbin wayoyin hannu daga ƙarshen Disamban 2024.

Na bar wa yaron sharuɗɗa kafin in koma bakin aiki. Caji a tsakar gida, a inuwa, a kan siminti, da bokitin yashi a kusa, kuma yana zaune a wurin har a gama. Kada ya bari kowane ɗaki ya sauka ƙasa da bolt 3, kuma idan zai ajiye batirin na makonni ya bar shi a wajen 3.8. Bayan kowane tsere ya taɓa sandunan da bayan yatsa. Idan ya ji zafin da ya fi na wayar da ke kusa da su, to sun fara saki, a buɗa tsagarsu kaɗan ko a sauya su.

Bayan mako biyu ya kira ni a waya. An sake karawa, wannan karon a Kusada, kuma motar ta yi zagaye goma sha biyu sandunan ba su ko yi ɗumi ba. Na tambaye shi wa ya ci. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce 'yan Kusada ne, wai tayoyinsu sun fi nasa kama yashi, kuma yana so in bincika masa yadda ake sauya taya.